Malam ya rasu, kuɗinsa suna hannuna: in gyara famfo da sunansa?

Assalamu alaikum, Baba Malam. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye a ƙasar Ringim. A 2015 aka turo ni nan, ina gama NCE a Gumel, ban san kowa ba, ko riƙe aji ban iya ba. Cikin malamanmu akwai wani dattijo da ya fara koyarwa tun kafin a cire Jigawa daga Kano a 1991. Shi ya ba ni shago a ƙofar gidansa, tuwon gidansa na ci har na yi aure, shi ma ya shige gaba wajen nema min auren. A wurinsa na koyi cika rajista da rubuta shirin darasi da yadda ake sa yara sama da tamanin su yi tsit ba tare da bulala ba. A ambaliyar 2022, da mutane suka tare a azuzuwanmu, mu muka ce a sallami yara, shi kuwa ya jingina allo a gindin darbejiya ya ci gaba da darasi.

Wata bakwai ke nan da Allah ya yi masa rasuwa, saura ƙiris ya yi ritaya. Ya bar mahaifiyarsa da mata biyu da 'ya'ya bakwai, maza uku mata huɗu, biyar daga ciki ƙanana ne.

A 2021 ya ranta min naira dubu 150 daga kuɗin riɗinsa na sayi babur na hannu. Na biya dubu 60, saura dubu 90. Duk sanda na tayar da maganar sai ya ce, "Sai ka samu." Ba takarda, ba shaida, ko matansa ba su sani ba, har an raba gado ba a sa su ba. Yanzu na haɗa kuɗin. Famfon makarantarmu ya lalace, ina so in gyara shi da su a rubuta sunansa a jiki, ya zame masa sadaka mai gudana. Ya halatta?

Sannan duk Juma'a nakan kai cefane gidansa. Tun da matan suka fita takaba aka fara cewa amaryarsa nake nema, maiɗakina ma ta fara ɗaure fuska. An kawo sabon malami an ba shi teburinsa, wallahi ko gaisawar kirki na kasa yi da shi. Littattafan shirin darasin Malam na kwashe na kai gida na kulle. Mutane suna cewa ba ni da tawakkali. Baba, ka ba ni shawara.

Ɗanka, malamin aji huɗu.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗana. Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka kabarinsa, ya raya abin da ya bari, kai kuma ya ba ka haƙurin rashi.

Masu cewa ba ka da tawakkali amsarsu ba ta da tsawo. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) yake kan gargara, hawaye suka zubo wa Annabi, har Abdurrahman bin Aufu ya ce, "Har da kai, ya Ma'aikin Allah?" Ya amsa masa cewa wannan rahama ce, ya ce ido yana zubar da hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Hadisin yana cikin Bukhari. Kwana ukun da ake kafa maka hujja da su na zaman makoki ne, ba wanda ya ce zuciya ta manta a rana ta huɗu. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yaga riga da marin fuska da maganar da ke jayayya da hukuncin Allah. Nana A'isha da bakinta ta ce ba ta yi kishin wata mace kamar Nana Khadija ba, alhali ba su zauna tare ba, saboda yawan ambatonta da Annabi yake yi, da yadda yakan yanka akuya ya aika wa ƙawayenta da naman. Ka ci gaba da tuna Malam, ba laifi. Sai dai in abin ya kai ga barci ya ƙaurace maka, abinci ba ya shiga, ka tsaya gaban allo ka rasa abin faɗa, to ka je babban asibiti ka gaya wa likita yadda kake ji, kada ka ce ciwon kai kawai.

Yanzu ga wadda ba za ta yi maka daɗi ba. Kuɗin nan ba naka ba ne, kuma tun ranar da Malam ya cika ba nasa ba ne. Na magada ne. Ba ka da ikon yin sadaka da su, ko da sunansa, ko da niyyarka ta fi madara fari.

Na san zuciya za ta raya maka cewa ai da ma ya yafe. A'a. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta raba abu biyu: in wanda ake bi yana cikin ƙunci a jinkirta masa har ya samu yalwa, in kuma aka yafe ya fi alheri. Malam na farkon ya yi maka. Mutumin da ya miƙa hannu ya karɓi dubu sittin ya sa a aljihu bashi ya bayar, kunya da dattako ne suka hana shi tuni. Da kyauta ya nufa, dattijon da ya iya shiga gaba ya nemo maka aure ba zai kasa buɗe baki ya ce na bar maka ba. Ga shi kuwa ka samu, sharaɗin da ya gindaya ya cika.

Bari in buga maka lissafi ka ga fuskokin masu kuɗin, bisa ayoyi na 11 da 12 na Suratun Nisa'i, in dai magadan su ne waɗanda ka lissafa. Matan biyu suna da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, tunda akwai 'ya'ya: naira 11,250, kowacce 5,625. Tsohuwa tana da sudusi, kashi ɗaya cikin shida: naira 15,000. Saura naira 63,750 na 'ya'ya, namiji rabon mata biyu. Kowane namiji zai tashi da 12,750, kowace mace 6,375. Kai da ke zuwa kasuwar Gujungu ranar Lahadi ka fi ni sanin kwanon gero nawa dubu sha biyar za ta auno wa tsohuwar da ɗan da ke ciyar da ita ya kwanta dama. Ka san abin da dubu shida za ta yi wa yarinyar da yunifom ɗinta ya yage. In ka zuba kuɗin a famfo, daga bakin waɗannan ka cire. Aya ta 10 a wannan sura ta ce masu cin dukiyar marayu da zalunci wuta suke ci a cikinsu. Ban ce kai azzalumi ba ne, da kai ne da ba ka rubuto ba. Amma wannan ba ayar da mutum yake wasa a gefenta ba ce. Kuma ya zo a Muslim cewa Allah mai tsarki ne, ba ya karɓar sai mai tsarki, to ladan da kake so ya iske Malam ta ina zai bi?

Ka yi haƙuri in taɓo maka wani wuri. A maƙabarta ko a ƙofar gida, bayan an sallaci gawa, akwai sanarwar da ake yi a kowane gari namu: duk wanda yake bin marigayi, ko marigayi yake binsa, ya ga wane. Kana wurin. Watakila kana cikin waɗanda suka ɗauki makara. Ka yi shiru, ko don ruɗewa ko don ba ka da su a lokacin. Ina zaton rabin sha'awar famfon nan daga nan ta fito, domin famfo ba zai tambaye ka me ya sa sai yanzu ba, ƙanin Malam kuwa zai iya tambaya. To ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Amsar gajeriya ce: a lokacin ba ni da su, na ji nauyi, yanzu Allah ya hore, ga su. Ban taɓa ganin wanda ya kawo bashin da ba wanda ya sani aka raina shi ba. Yawanci kuka ake yi a sa masa albarka.

Ga yadda za ka yi. Ka samu wanda ya tsaya a kan rabon, ƙaninsa ne ko babban ɗansa, ka tafi da liman da hedimasta ko mai unguwa. A rubuta a takarda: an ranta kaza a shekara kaza, an biya kaza, ga saura, kowa ya sa hannu, ka riƙe kwafi. Aya ta 6 a Suratun Nisa'i ta yi umarni a kafa shaidu idan za a miƙa wa marayu dukiyarsu, ba ƙaƙale ba ne. In a kotun shari'a aka raba gadon, a koma can a shigar da wannan. In malami ne ya raba a gida, a kira shi ya ƙarasa aikinsa. Kada ka damƙa wa ɗaya daga cikin matan, ko da uwargida ce da kake kira Inna, domin gidan mata biyu ne, za ka kunna wutar da ba ka iya kashewa. Kada kuma ka yi dabarar mai da su cefane kana kaiwa kaɗan-kaɗan kana ragewa a zuci. Tukunya ba ta san tumuni da sudusi ba, wani zai ci rabon wani.

Manya daga cikin magada suna iya cewa sun bar nasu kason a sa a famfo, wannan haƙƙinsu ne. Amma kada shawarar ta fito daga bakinka, domin in ka faɗa a gaban liman kunya za ta sa su amsa, dukiyar Musulmi kuwa ba ta halatta sai da daɗin ransa. Kason ƙananan yara biyar ɗin nan babu mai ikon yafe shi, ko uwarsu, ko baffansu.

Wani abu kuma. Dubu casa'in ta 2021 ba ita ce ta yau ba, kowa ya ga yadda kaya suka tashi tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Abin da yake wajibi a kanka shi ne adadin da ka karɓa. In ka ɗora wani abu don raɗin kanka, ba riba ba ce tunda ba sharaɗi aka yi ba. Annabi ya ranci ɗan raƙumi ya biya da babba wanda ya fi shi, ya ce mafi alherin mutane shi ne wanda ya fi kyautata biya. In da hali ka ƙara, in babu kada ka ci wani bashin don wannan.

Kafin a raba, ka juya tambayar: shi Malam ba wanda yake binsa? Bashi hanji ne, yana cikin kowa, balle malamin ƙauye mai mata biyu da albashi ba ya kai shi ƙarshen wata. Kai ne ka san shigarsa da fitarsa fiye da 'ya'yansa. Ka bi a hankali ka tambayi mai kanti, da mai kemis ɗin da aka riƙa karɓar magani lokacin jinya, da mai taki, da wanda ke riƙe adashen malamai. Da yawa irinsu sun yi shiru ne don nauyin marigayi, kamar yadda ka yi. Tirmizi ya ruwaito cewa ran mumini yana rataye da bashinsa har sai an biya masa. In aka samu, daga kuɗin nan za a fara biya kafin magada su taɓa, domin bashi yana gaba da gado. Wannan kaɗai ya fi masa famfo goma.

Ban kashe maganar famfo ba. Sa'adu bin Ubada da mahaifiyarsa ta rasu ya tambayi Annabi wace sadaka ta fi, aka ce masa shayar da ruwa, ya haƙa rijiya ya ce wannan ta Ummu Sa'ad ce. Ka ga tunaninka yana da asali, har da ambaton suna. Kuɗin ne kawai za a sake wa tushe. Mutumin da ya haura shekara talatin yana koyarwa ya yaye ɗaliban da ba za su ƙirgu ba: akwai ɗan kasuwa, akwai malamin asibiti, akwai ɗan sanda, akwai mai tuƙa adaidaita a Kano. Ka kai maganar gaban kwamitin kula da makaranta, a sanar a masallacin Juma'a, a sa wani dattijo ya riƙe kuɗin, ba kai ba. Kafin a tara ko sisi a kira mai gyara ya zaro bututun ya duba, domin sau da yawa famfon tuƙa-tuƙa roba ce ta cinye ko sarƙa ta tsinke, rijiyar lafiyarta ƙalau. A ware wani abu a ajiye don gyaran gaba, in ba haka ba bayan shekara sunan Malam zai tsaya a jikin ƙarfen da ba ya kawo ruwa, awaki suna kwana a gindinsa. Sunanka kuwa kada ya hau.

Maganar gida: maiɗakinka ta fi ka gaskiya. Kai a wurinka gidan da ka ci tuwo ne, a wurin gari kuwa namiji ne baligi yake shiga gidan zawarawa biyu duk mako, maigida ba ya nan. Annabi da kansa, yana raka matarsa Nana Safiyya da dare, da wasu Ansaru biyu suka gan su suka ƙara sauri, sai ya tsayar da su ya ce Safiyya ce, don kada Shaiɗan ya jefa musu wani abu a zuci. In shi ya kare kansa daga zato, kai wane ne? Surutun nan kuma ba kai zai fi cutarwa ba, ita baiwar Allah zai ɓata wa suna, ya kori mai son aurenta da gaske. Daga yau ka tsaya a soro, ka aika yaro ya kai gaisuwa. Maiɗakinka ta riƙa shiga, abin da za a bayar ya bi ta hannunta, a raba daidai tsakanin ɗakunan biyu. Ka zaunar da ita ka gaya mata komai, har bashin. Macen da aka sa a cikin magana ba ta zargi kamar wadda aka bari tana jiyowa a gidan biki. In kuwa ka duba zuciyarka ka tarar akwai ƙamshin gaskiya a abin da ake faɗa, ba haram ba ne, idda ta ƙare, Annabi ma ya auri Ummu Salama da marayunta. Amma ta hannun waliyyinta ake bi, da rana tsaka, ba ta ledar cefane ba.

Cefanen kowace Juma'a ma, tsakani da Allah, albashin malamin firamare ba zai jure shi shekara biyar ba, ranar da ka daina kuma za a ce ka gaji. Ka zaɓi abin da za ka iya ɗorewa a kai. Buhun gero da kaka lokacin da yake araha. Kuɗin jarrabawar yaro ɗaya. Ko ka tara malamai da manyan ɗalibai ranar Asabar a yi gayya a gonar marayu, a yi noman farko a yi maimai, domin gonar mamaci ita ake fara bari ciyawa ta cinye, daga nan sai jingina, daga jingina sai sayarwa. Kuma na lura sau ɗaya tak ka ambaci tsohuwa. Ita ba mai yi maka surutu a kanta, ita ce kuma aka fi mantawa. Ka je ka durƙusa ka gaishe ta, ka kai mata goro, ka bar ta ta yi ta ba ka labarin ƙuruciyarsa. Zumunta a ƙafa take.

Littattafan da ka kulle, su ma na magada ne, ka nemi izininsu. Ba na jin za su hana. In sun bari, ka fito da su daga akwati. A hadisin Abu Huraira da ke Muslim, abu uku ne ba sa yankewa bayan mutuwa: sadaka mai gudana, da ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai addu'a. Na biyun yana hannunka, gara da ɓera suna jiransa. Ka ɗauki na lissafi da na Hausa ka kai wa sabon malamin nan, ku zauna a kan teburin da kake ƙyamar gani, ka nuna masa yadda Malam yake shiga darasin raba lamba. Yaron nan ba shi ya ɗauki ran kowa ba, takarda aka ba shi ya zo. Ka san inda yake kwana? Ka san wa yake ba shi abinci? Gaisuwar farko ce mai nauyi, ka cije ka yi ta.

Saura abu ɗaya da ba ka tambaya ba, alhali ya fi dubu casa'in ɗinka nesa ba kusa ba. Malam a bakin aiki ya rasu, yana da haƙƙoƙi a hukumar fansho ta jiha da ƙananan hukumomi da ke Dutse. An fara bi? A ƙauye sau da yawa iyali ba su san ta inda ake farawa ba, wata ya bi wata, takardu su ɓace a ƙasan katifa. Kai ka san ofis, ka iya cika fom. Ka tambayi uwargida, ta bakin maiɗakinka, inda yake ajiye fayil ɗinsa: takardar ɗaukar aiki, ta tabbatarwa, na ƙarin girma, da shaidar albashin ƙarshe. A nemi takardar shaidar rasuwa. Ka ɗauki babban ɗansa a babur ɗin nan ku fara da ofishin sakataren ilimi, su za su faɗa muku sauran abin da ake buƙata daga kotu da banki, shugaban ƙungiyar malamai na ƙaramar hukuma ma ya san hanya. Ku yi kwafin komai, na asali kada su kwana a hannun kowa. Duk wanda ya ce ku kawo wani abu ya gaggauta muku, ku ce kun gode. Ɗan shi zai sa hannu, kai rakiya ce taka, kuma ko sisin kuɗin kada ya bi ta asusunka. Ka nemi izinin hedimasta tun ranar Alhamis, ku yi sammako ranar Litinin.

Allah ya gafarta wa Malam, ya shirya masa zuriya.